Kasuwar Brik ta hau rezo, amma a kan waya ɗaya take tsaye

Duk wanda ya ratsa Briqueterie a 'yan shekarun nan ya san ciniki ya sake kama. Tela yana zaune a kan kekensa, awon riga ya shigo masa ta WhatsApp daga Marwa. Mai shadda yana duba samfurin kaya daga Kantin Kwari ko Dubai kafin ya fitar da ko dala. Mai suya da kilishi ana turo masa kuɗi ta Orange Money ko MoMo, ya naɗe nama ya ba ɗan moto ya kai Bastos. Hajiyar da ba ta zuwa kasuwa tana sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗakinta, hoto kawai take sawa a waya, masu so su yi magana. Ba wanda ya kira taro aka yanke shawarar haka. Kiɗa ne ya canza, rawa ta bi.

Alhamdu lillahi da wannan. Sai dai akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna ba kwana-kwana. Da yawa daga shagunanmu, har da masu jarin miliyoyin sefa, a wuyan waya ɗaya suke rataye. Sim ɗaya, batir ɗaya, yaro ɗaya da ya san lambar sirri. A cikin wayar nan lambobin masu saye suke, a ciki lissafin bashi yake, a ciki kuɗin ciniki ke kwana, kuma da ita ɗin dai ake kallon ƙwallo da bidiyon barkwanci. Ranar da ta faɗa kwata, ko wani ya fizge ta a cunkoson Mokolo, ko rezo ya ɗauke, shago yana buɗe amma ciniki ya tsaya cak. A ganina lokaci ya yi da za mu ɗauki rezo yadda muke ɗaukar kuɗin haya da kwaɗon ƙofa: abu ne da ake tsarawa, a ware masa kuɗi, a kuma san wa ke riƙe da mabuɗinsa.

Idan aka bi abin da bankuna da manyan kamfanoni ke kashe wa kuɗi a fannin sadarwa yau, daga Duwala har Faransa, aka cire zaƙin bakin masu talla, za a tarar abu uku ne. Na ɗaya, ba sa yarda ofis ya dogara da layi ɗaya. Suna ɗaukar biyu ko uku, tare da na'urar da ke sauya hanya da kanta da zarar ɗaya ya yanke. Na biyu, sun daina barin littattafansu a cikin kwamfutar da ke kan tebur kaɗai. Suna ajiye kwafi a rumbunan bayanai da ke nesa, abin da ake yi wa laƙabi da gajimare, wanda a gaskiya kwamfutocin wani ne a wani gini mai tsaro, irin wanda Camtel ke da shi a Zamengoé, nan kusa da Yawunde. Na uku, sun daina yarda da mutum don kawai ɗan gida ne. Kowane ma'aikaci da ƙofarsa da mabuɗinsa, kuma ba ya ganin abin da bai shafi aikinsa ba.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai shagon yadi da tsarin banki? Ai shi ya fi buƙata. Banki idan layi ya yanke masa yini guda yana da abin cike giɓi. Telan da rezo ya ɗauke wa ana saura kwana uku Sallah, ba shi da. Kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai ƙaraminsa da aljihunmu zai iya ɗauka.

Mu fara da layi. Intanet ɗin da muke amfani da shi ta ƙarƙashin teku yake shigowa Kamaru. Igiyar SAT-3 a Duwala ta sauka, WACS a Limbe, sai biyu a Kribi: ɗaya ta haɗa mu da Legas, ɗaya kuma, SAIL, ta tsallaka zuwa Fortaleza a ƙasar Brazil tun 2018, tsawon kusan kilomita 6,000. Daga bakin teku zuwa cikin ƙasa kuwa, babbar wayar fiba, wato zaren gilashin nan da ake binnewa a gefen hanya, a hannun Camtel take, sauran kamfanoni haya suke yi. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, ciki har da WACS da SAT-3, ƙasashe da dama har da tamu suka wayi gari rezo yana jan ciki, gyara kuma ya ɗauki makonni. Kafin nan, daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilun 2017, an rufe intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, har sai da matasan Buea masu sana'ar kwamfuta suka riƙa hawa mota zuwa wajen Duwala don kawai su aika aiki. Darasin a fili yake: rezo na iya tafiya saboda dalilin da ba ya hannunka, ba ya hannun mai unguwa, wani lokaci ma ba ya hannun kamfanin da ka biya.

To, mene ne abin yi? Mafi sauƙi shi ne shago ya kasance da layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuma masu saye su san lambobin biyu. Akwai ƙananan modem masu ɗaukar sim biyu, ko fiba da sim, su juya da kansu idan ɗaya ya mutu. Wannan yana maganin matsalar yau da kullum, irin ta eriyar unguwa da ta cika da jama'a bayan Magariba. Amma kada a yaudari kai. Idan katafila mai gyaran hanya ta tsinke babbar fiba, ko igiyar teku ta lalace, MTN da Orange na iya durƙushewa tare, tunda bututu ɗaya suke sha. Shi ya sa layi na uku shi ne sanin aiki ba intanet. Lambobin nan na *126# da #150# ba sa buƙatar data, kiran waya da gajeren saƙo ma haka. Ya kamata duk wanda ke tsayawa a shago ya iya su da ka, kuma lambobin manyan abokan ciniki su kasance a rubuce a littafi.

Sai maganar wifi, inda masu sayar da kaya a Avenue Kennedy ke iya rikita mutum da manyan sunaye. A duniya yanzu ana yayin wifi ƙarni na 6, na 7 ma ya fito kasuwa tun farkon 2024. Amfanin na 6 na gaske shi ne yana iya ɗaukar wayoyi da yawa lokaci guda ba tare da sun tattake juna ba, kuma wannan ya dace da wuri mai cunkoso irin namu. Amma na'ura ba ta ƙara ruwan da ke cikin bututu. Idan layin da ke shigo maka rarrauna ne, ko ka sayi modem mafi tsada, rarraunan intanet zai raba maka. Abu na biyu, wifi a kan zango biyu yake tafiya. Zangon 2.4 yana ratsa bango ya je nesa, amma hanyoyi uku kacal ke gare shi da ba sa hawa kan juna, don haka a lungun da gida goma kowa ya kunna nasa, sai su yi ta ihu a kunnen juna. Zangon 5 ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya jure bango. Kwano kuwa, wanda shi ne rufi da katangar shaguna da yawa a Brik, yana mayar da sigina baya kamar yadda madubi ke mayar da haske. Modem ɗin da aka cusa ƙarƙashin kanta, bayan tulin atamfa, an kashe rabin ƙarfinsa. A ɗaga shi sama, a tsakiya, a sarari. Wannan gyara ba ya cin ko sisi.

A nan ne nake ganin muna asarar kuɗi a ɓoye. Mu ɗauka, a misali, shago goma ne a jere, kowanne yana sayen forfe na sefa 500 kullum. A wata, sefa 150,000 ke nan suka fita daga layi ɗaya na titi, kuma kowa yana kukan rezo. Ina roƙon iyayenmu 'yan kasuwa su yi wannan lissafi da alƙalumansu na gaskiya, sannan su je su tambayi farashin layin fiba na kasuwanci guda ɗaya mai ƙarfi, da kuɗin jan waya zuwa kowane shago. Mu da muka iya adashi, muka iya haɗa kuɗin kwantena ɗaya mutum biyar, me zai hana mu haɗa kuɗin layi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a yi shi da tsari: kwantiragi da sunan ƙungiya, ma'aji sananne, kowane shago da nasa sashen da maƙwabci ba zai leƙa ba, wifin baƙi daban da wanda ake karɓar kuɗi a kansa.

A kuma yi shi bisa doka. Matasanmu da yawa sun shiga sana'ar wifi zon, suna sayar da tikiti na awa ko na yini, kuma sana'a ce mai amfani ga ɗalibi da ɗan ƙaramin ciniki. Amma sayar wa jama'a intanet harka ce da dokar sadarwa ta Disamban 2010 ta sa a ƙarƙashin hukumar ART, sannan ba kowane kwantiragi ne ya yarda a sake sayar da layin ba. Gara a je a tambaya kafin a zuba jari. Haka batun Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, a Nijar kuma a 2025. A nan ƙasar, a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa da ake shigowa da su, saboda rashin lasisi. Duk wanda za a kawo wa irin wannan kaya ta bayan fage, ya fara tabbatar da matsayinsa a doka. Shagon da aka gina a kan abin da za a iya kwashewa da safe, bai ginu ba.

Kada a manta da kuran. Rezo ba ya aiki sai da wuta, kuma kowa ya san yadda take zuwa da tafiya a garin nan. Abin farin ciki, modem ba mai ci ba ne, wutar da yake sha ba ta wuce ta ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba. Ƙaramin batir na ajiya zai riƙe shi awanni. Wanda ya sayi babbar waya ta dubu ɗari biyu amma ya kasa sayen batirin modem da abin kare kaya daga tsallen wuta, ya yi kwalliya ya bar ciki da yunwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato littafi. Iyayenmu da suka kafa kasuwanci a unguwar nan suna da littafin bashi, ko da ajami ne, kuma idan mutum ya rasu akan buɗe shi a gaban shaidu. Yau bashin yana cikin saƙon murya. Wane ya karɓi turmi ashirin, wane ya ba da rabi, duk a WhatsApp. Kuɗin kuma suna cikin sim da wataƙila da katin ɗan ƙasa na wani yaron shago aka yi masa rajista, yaron da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce ya koma Garwa. Idan ta Allah ta kasance, wa zai buɗe wayar? Da wace takarda magada za su je kamfani su nemi kuɗin da ba da sunan mahaifinsu suke ba? Marayu za su rasa haƙƙinsu, masu bin mamaci bashi su rasa hujja, shi kuma ya tafi da nauyi a wuya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Canjin zamani bai ɗage wannan umarni ba, ya dai sauya abin rubutun.

Gyaran ba shi da wuya. Layin shago ya zama da sunan mai shago, a je a daidaita rajistar tun yau. A nemi lambar ɗan kasuwa daga kamfanin, kuɗin ciniki su rabu da kuɗin cefane. Wannan ma zai sa mutum ya ga abin da caji ke ci masa, domin tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, wato sefa 200 a kan kowace 100,000, ban da ladan kamfani, kuma mai jujjuya kuɗi tsakanin sim da sim ba dalili yana biya ne a banza. A kunna ajiyar kwafi ta WhatsApp, don idan waya ta ɓace hira ta dawo. Duk bashin da aka yi ta murya, a sauke shi a littafi ko a jadawalin kwamfuta kafin a kwanta. Sannan mutum ɗaya amintacce, mata ko babban ɗa ko ɗan'uwa, ya san inda aka ajiye takardar da ke ɗauke da bayanan shiga, a rufe, ko da ba zai buɗe ba sai ranar buƙata.

Maganar mabuɗi ta kawo mu ga 'yan damfara. Dabarunsu sanannu ne: saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi, kiran “na yi kuskure na turo maka, don Allah mayar mini”, mai cewa daga kamfani yake yana so ka danna lambar sirri, da mai neman ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, waɗanda da su zai ƙwace WhatsApp ɗinka ya bi abokan cinikinka yana roƙon kuɗi da sunanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Doka ɗaya ta isa a rubuta a manna a bangon shago: ba a ba da kaya sai an duba asusu da kai an ga kuɗin, kuma ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ko wane ne. A kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp. Idan yaro ya bar aiki, a canza duk lambobin a ranar, ba don ana zarginsa ba, don haka tsari yake, kamar yadda ake karɓar mabuɗin shago. A kuma tuna cewa hoton katin mutum, da awon jikin matar wani, da lambar wayarta, amana ce a hannun mai shago. Tun Disamban 2024 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, amma mu tun kafin doka mun san hukuncin amana.

Wa zai yi mana duk wannan aiki? A matsayina na malamin makaranta, ina ganin amsar kullum a cikin aji. Yaran da ke riƙe wa iyayensu waya, su ke tura kuɗi, su ke amsa saƙon Faransanci, su ke biyan kuɗin lekol ta waya tun da aka koma wannan tsari a makarantun sakandaren gwamnati a 2018. Suna da basira, amma a tsaitsaye suka koya, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu tsaro ko lissafi. Abin takaici kuma, wannan iyawar ce wani lokaci ke sa a cire yaro daga makaranta a ce ya zo ya tsare shago, tunda “ya riga ya iya”. Haba, Alhaji! Wanda ya iya danna waya daban, wanda ya iya jan fiba da saita na'ura da tsare asusu daban. A garin nan akwai SUP'PTIC, akwai IAI, akwai Polytechnique a Melen, duk kuɗin taksi ne daga Brik. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa za ta ɗauki nauyin yara biyu ko uku a shekara, maza da mata, nan da ɗan lokaci ba sai mun miƙa wayoyinmu da sirrinmu ga wanda ba mu sani ba. Ina jaddada 'yan mata, domin iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida sun fi sakewa da mace ta shigo ta gyara musu, kuma su ne 'yan damfara suka fi raina wa wayo.

Ba ina cewa duk laifin namu ne ba. Hukuma da kamfanoni suna da nasu kason, kuma babba ne. A Afrilun 2023 jama'ar ƙasar nan suka riƙa sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama daga sha biyu zuwa biyu na rana, don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin rezo, bayan nan ART ta ci kamfanoni huɗu tarar da jimillarta ta kai biliyan 6 na sefa. Wannan ya nuna cewa idan masu biya suka yi magana da murya ɗaya ana ji. Abin da muke nema a fili yake: fiba ta shigo lungunan Yawunde ta Biyu kamar yadda ta shiga unguwannin masu hali, a sauƙaƙa wa ƙananan masu raba intanet hanyar samun izini maimakon a bar su cikin fargaba, masu haƙa hanya su daina tsinke waya ba mai tambayarsu, kuma wanda ya biya forfe bai samu aiki ba a mayar masa da haƙƙinsa. Amma ƙorafin mutum ɗaya a bakin shago iska ke kwashe shi. Takarda mai sa hannun shago ɗari, da kwanan wata da awannin da rezo ya ɗauke, ita ce ake ajiyewa a kan tebur.

Don haka shawarata ga shugabannin 'yan kasuwa, da na teloli, da ƙungiyoyin mata na unguwa, ita ce a sa wannan magana a zaman da ke tafe. Ba sai an jira tallafi daga ko'ina ba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi a wannan makon: a duba sunan wa ke kan sim, a sauke bashi a littafi, a kunna tabbaci mai mataki biyu, a ɗaga modem daga ƙarƙashin kanta. A wata mai zuwa a yi lissafin forfe, a tura mutum biyu su jiyo farashin layi. Kafin azumi ya kama, lokacin da ɗinki da ciniki ke kai wa wuya, ya zama kowane shago yana da hanya ta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya tsare mana dukiya da amana.